Injin da Babur Zai Iya Ɗauka

Laraba, bayan isha'i

Na dawo daga Damri, bayana kamar zai karye. Kwanon da na lanƙwasa da katako da guduma, inda rufin Malam Sani ya haɗu da bango, ya yi yoyo. Na iske littattafansa shanye a tabarma. "Sannu da hanya" kawai ya ce mini. Da ma zagina ya yi.

Dole in sayi injin lanƙwasa kwano. Babban da na gani a Mafara yana lanƙwasa dogon kwano tsaf, amma sai mota, kuma mota ba ta shiga ƙauyukan nan da damina. Ƙaramin yana hawa babur, sai dai in riƙa haɗa guntaye. Shi zan ɗauka. In rufi ya sake yoyo, ba sauran guduma da zan ɗora wa laifi.