Sana'ar Uba

Litinin, 5 ga Fabrairu, 1979

Malam Uwaisu, babbanmu a wurin aiki, ya zo daga Dutsin-Ma da fom. Wai ana son a san ko su wane ne mu ma'aikatan lafiya na ƙauye. Suna: Sahabi Labaran. Shekaru ashirin da uku. Aure, babu. Ilimi, aji bakwai da shekara guda ta horo a Katsina. Sana'ar uba. Nan na tsaya, sannan na rubuta manomi. Ai ba ƙarya ba ce, Baba yana da gona a Babban Duhu. Zabirar wanzancinsa ce dai ban ambata ba. A Katsina na sha "ɗan aska zo ka yi mana gyaran fuska" har na ƙoshi.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Ƙyanda ta shiga Batsari. Yara huɗu sun tafi, in ji direban a-kori-kura.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Na je rugar Ardo Yero, bakin dajin Rugu, in sanar da su rigakafi. Yara sun fi talatin a wurin. Gaisuwa kamar ba za ta ƙare ba, shanu, ruwa, gajiya. Sai Ardo ya ce, "Kai ɗan wane ne?" Na ce ma'aikacin gwamnati ne. Ya ce, "Gwamnati ba ta haihuwa." Aka ba ni nono, aka sallame ni. Tafiyar awa biyu a keke, na dawo Tsaskiya, wurin aikina, ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Saƙon Malam Uwaisu: maganin zai iso Laraba, cikin fulas ɗin ƙanƙara. Yini ɗaya gare shi. In ƙanƙarar ta narke ya lalace, kuma ba wani sai bayan damina. Ya ce in na sake mayar da kwalabe a cike, wani gari za a riƙa kai wa. Shi da babur, faɗa ba wuya.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Na ga Baba a kasuwar Safana yana yi wa wani ƙaho. Na bi ta bayan 'yan goro. Bara ni na roƙe shi, in ina bakin aiki kada ya nuna ya san ni. Cewa kawai ya yi, "To." Na gaji da kaina, wallahi.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Tun hantsi nake gindin kirya a rugar, fulas a gabana. Mata sun kwashe yara sun shige bukkoki. Ko kare bai zo ba. Ina buɗe fulas ina dubawa, alhali na san buɗewar ke ƙara narkar da ƙanƙarar.

Wajen azahar sai ga Baba a kan jaki, da zabirarsa. Ashe askin suna aka kira shi. Ardo da kansa ya tashi ya tarbe shi, yara suka fito kamar an buɗe akurki. Baba ya bi ta gabana, ya dube ni, ya ce, "Sannu da aiki, malam likita." Ya wuce. Ya riƙe alkawari, tsohon nan. Da ma zagina ya yi.

Na leƙa fulas. Saura ƙanƙara kamar ƙwan zabuwa biyu, suna iyo.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na durƙusa gaban Ardo na ce, "Ka tambaye ni ɗan wane ne. Ga mahaifina nan." Ardo ya riƙe haɓa. "Ɗan Labaran? Mi ya hana ka faɗi tun rannan? Mutumin ga shi ya yi wa ɗiyana maza kaciya, ko ɗaya bai kumbura ba."

Ardo ya ce a kawo yaran, Baba ya ajiye zabirarsa. Zama ya yi, ya ɗora yaro a cinya, ya danne hannun yadda ya iya, yana yi masa surutun banza har na soka allura na cire. Ni a Katsina ba a koya mana wannan riƙon ba. Yara talatin da ɗaya kafin la'asar. Uku suna kiwo, ba mu same su ba. Su ne a raina.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Baba ya biyo da asakensa, wai tunda kullum ina mitar a tafasa, to ga su. Na sa su tukunya ɗaya da allurai. Ya zauna a bencin marasa lafiya yana jira, kowa na gani. Ban ce ya koma ciki ba.

Alhamis, 1 ga Maris

An dawo da fom, wai na manta sa hannu. Na sa. Tunda alƙalamin na hannuna, na ja layi a kan manomi na rubuta wanzami. Ba wani abu ba ne, gyaran kuskure ne kawai. Sai dai na lura na rubuta shi da manyan baƙi.