Kujerar da Jikata Take Yi wa Magana

Zuwa ga Shugaban asibitin da nake kai jikata a Gashua,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kai da iyali da ma'aikata kuna lafiya.

Ni tsohon malamin makaranta ne a Nguru. Na yi karatu a zamanin da in hukuma ta rubuta abu a ƙofa, za ka same shi a ciki. Ina da jika 'yar shekara goma sha biyar. Ba zan faɗi sunanta ba, don jin sunan a bakin mutane shi ne rabin ciwonta. In malami ya kira ta a aji, sai murya ta ƙi fita. Tun bayan babbar salla ba ta taka makaranta ba, ga jarrabawa tana matsowa. Abu uku zan faɗa maka.

Na farko. Baffanninta suka ce iska ce, aka kira mai ruƙiyya. Unguwa ta cika tsakar gida, har da masu leƙe ta katanga. Yarinyar da mutum ɗaya ke razana ta aka tara wa gari. Bayan nan ko kakarta ba ta iya kallo. Ba addu'ar nake ja da ita ba, taron ne.

Na biyu. Na karanta cewa tsoron shiga jama'a ciwo ne sananne, kuma ana maganinsa ta zama da gwani, ana hira, ana koya wa yarinya fuskantar mutane kaɗan-kaɗan. Aka ce kun buɗe ɗaki don haka, muka shigo mota. A wurin yankar kati aka ƙwala sunanta sau uku a gaban layi. Muka isa ɗakin: allo a ƙofa, sabon fenti, kujeru biyu suna fuskantar juna, ko ledarsu ba a cire ba. Dattijuwar da ke shara ta ce tun da aka buɗe ba ta ga wanda ya zauna ba, ita dai tana sharewa.

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Na bar yarinyar a ciki na tafi neman ma'aikaci. Ban samu kowa ba, da na dawo sai na ji murya. Jikata ce zaune tana yi wa ɗaya kujerar, wadda babu kowa a kanta, magana a natse, tana dakatawa kamar mai sauraren amsa. Wata huɗu ban ji ta haɗa magana haka ba. Tun daga ranar, kowace Laraba ita ke tuna mini, mai shara ta buɗe mana, ni in tsaya a waje. Makon jiya a hanyar gida ta raɗa mini cewa likitar ta ce kada ta ƙara kula kowa sai ita.

Ranka ya daɗe, wace likita?

Ina roƙon a turo mace mai wannan ilimi, ko sau ɗaya ne a wata. A daina shelar sunan 'yan mata a layi. In kuwa babu kowa, a cire allon a rufe ɗakin, kamar yadda aka rufe sauran abubuwan da aka yi mana alkawari.

Laraba mai zuwa za mu zo. Ba ni da zuciyar hana ta, ban kuma san wurin wa nake kai ta ba.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare naka 'ya'yan.

Wassalam.

Kakan yarinyar,
Nguru