Tambayoyina A Kan Kwanika Kafin Ayari Ya Sauka

Zuwa ga Alƙalinmu na Illela. Allah shi gafarta Malam, shi ƙara maka lafiya da haske a wurin hukunci. Gaisuwa da girmamawa gare ka da malaman zaurenka.

Malam ya yi haƙuri da karkatar baƙaƙena. Sai da na yi jikoki na fara riƙe alƙalami a gaban jajin da ke karantar da mu mata. Na rubuto a buɗe ne domin a karanta a bainar jama'a, don maganar ba tawa ba ce ni kaɗai.

Bara bayan girbi na binne ɗiyata ta fari. Ta samu ciki alhali goyonta bai fara tafiya ba, abin da mata ke kira kwanika. Aurenta halal, cikinta halal, amma da ta je rijiya sai a fara tari da habaici, wai wasu ba su iya haƙuri su yaye ɗa. Ran kasuwa ta sayi wasu saiwoyi hannun mai maganin da ke biyo ayarin Adar, ta jiƙa ta sha ba wanda ya sani. Jini ya ɓalle. Ungozoma ta yi iyakar ƙoƙarinta, har ƙyallayen gidan suka ƙare. Goyon nata yana hannuna yanzu, da kunu da nonon akuya na raine shi.

Na zo ƙofarka da zancen bayan sadakar arba'in. Mai tsaron zaure ya ce maganar mata ce, in koma wurin tsofaffi. To tsofaffin su ne masu habaicin, shi ya sa na dawo da tambayoyina.

Ta ɗaya. Ina wannan kunya ta samo asali? Karatuna gajere ne. Abin da na sani daga wanka da alwala bai wuce idda ba, kuma ban ci karo da inda aka ce mace ta yi laifi don ta yi ciki tana shayarwa ba. Wataƙila yana cikin manyan littattafan da ban kai ba. In yana ciki, ina so in sani. In al'adar kakanni ce kawai, wannan ma ina so in sani.

Ta biyu. Ana cewa nonon mai ciki yana sa yaro zawo ya rame. Na taɓa ganin wanda ya rame, na kuma ga wani a Amarawa da ya tashi kakkaura. Shin masana magani sun faɗi wani abu a kai? Matan Fulani da ke kawo mana nono sun ce su ma suna gudun haka, amma ban ji suna yi wa juna waƙa a kai ba.

Ta uku. Mi ya sa ba a yi wa miji habaici? Surukina ya ci gaba da zuwa masallaci da gona, ba wanda ya yi masa tari. Ba ƙararsa na kawo ba, mutumin kirki ne, ya yi kuka ƙwarai. Mamaki kawai nake yi.

Ta huɗu. Wane ne ke duba buhun mai magani? Ana duba mudun mai gero, ana duba naman mahauci. Shi kuwa yana shimfiɗa tabarmarsa kusa da masu gishiri, yana kiran abin maganin wankin ciki, kuma kowace mace ta san manufarsa. Ban sani ba ko shi kansa ya san yana kisa, domin kafin a yi jana'iza ya bi raƙuma ya wuce.

Ga abin da ya sa na kasa jira. Ƙanwar marigayiya, Kulu, tana da goyo mai rarrafe. Ta daina zuwa rijiya, ƙanshin miya yana tayar mata da zuciya, kuma ta tambaye ni yaushe ayari zai sauka. An ce yana hanya.

Roƙona guda biyu ne. A kira mai maganin nan a bincika kayansa kafin ya kwance su. Sannan Malam ya sa liman ya faɗi hukuncin kwanika ran Juma'a, da murya mai ƙarfi, don maza su kai shi cikin gida. Na gaya wa Kulu ba ta yi abin kunya ba, ta sunkuyar da kai kawai. Ta san ni uwa ce, komai zan iya faɗa don ta rayu. In daga zaurenka ya fito, za ta yarda.

Allah shi tsare ka daga kuskure, shi raya maka zuri'a, shi sauke matan gidanka lafiya duk lokacin da suka durƙusa.

Wassalam.

Uwar Kulu, Illela.