Tanderun Gishiri Ba Na Malam Ekkehard Ba Ne

Ni Ottmar, maginin tukwane a yankin Westerwald, na rubuta wannan da cikakken hankalina; huhuna ne kawai ya gaza. Zuwa ga 'ya'yana, Hiltrud, Gernot da Almut.

Na ɗaya. Tanderun gasa tukwane da ke bayan gida naku ne ku uku. Kada ku ba Malam Ekkehard, tsohon malamin zane, wanda ke so ya kewaye shi da igiya yana nuna wa baƙi. Mutumin da bai taɓa ƙona yatsa ba.

Na je jawabinsa a zauren coci. Ya ce mutanen zamanin da shafa wa tulu gishiri suke yi kafin gashi, jama'a na gyaɗa kai da kek a baki. Ku kun sani watsa gishirin ake yi cikin wuta idan ta yi fari, hayaƙinsa ya sauka kan yumɓu ya zama sheƙi. Shekara huɗu na karanci wannan a babbar makaranta, na shaƙi hayaƙinsa shekara arba'in, ba a taɓa kirana in yi magana ba.

Na biyu. Tulu mai shuɗin zane da Gernot ya ɗauka a ɗakin ajiya ya ba Ekkehard, ku bar masa. A wurin jawabin, Ekkehard ya ɗaga shi sama ya ce ya shekara ɗari huɗu, wai "irin wannan hannu ya ƙare a duniya." Mai hannun kuwa yana zaune a layi na uku, riƙe da sanda. Ni na gina shi shekarar da aka haifi Almut, na ajiye shi gefe don bakinsa ya karkace. Kada ku gaya masa. Bai cancanci gyara ba.

Na uku. Hiltrud, ki daina gaba da ƙanenki kan wannan tulu. Gernot bai da wayo, amma kafaɗarsa ta fi taki jure shebur.

Dole ku shirya, domin mutum ɗaya ba ya gashin gishiri. Sai biyu suna watsawa ta ramukan sama, ɗaya na ciyar da wuta. Ranar da ɗayanku ya yi fushi ya tafi, tanderun ya huce, kuma Ekkehard zai zo da igiyarsa.

Ku kunna shi ko sau ɗaya a shekara, ku ci abinci a tebur ɗaya bayan an gama. Allah ya yi muku albarka, ya tsare muku huhu, ya bar ku ku uku.