Bilhodin da Aka Ce Ta Ƙone

Kafanchan,
9 ga Fabrairu, 1971.

Zuwa ga maigidana, Baban Lucia,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen Jere. Yaya ƙafar da ka ce tana damunka? Mu nan sai godiya. Lucia ta warke daga tari ta koma makaranta, tana tambaya ko babanta ya manta hanyar Kafanchan. Na ce mata bai manta ba, motarsa ce ba ta son hanyar.

Bayan gaisuwa, ina taya ka murna, don na ga motar taka. Shekara biyu kenan kana ba ni labarin Bilhodin da ka saya a Zariya, kullum na ce a kawo ta gida mu sa albarka sai ka ce hanyarmu tana cin taya. To, Allah ya haɗa mu. Ran kasuwar Kachia na sayi citta zan kai Kaduna, motar da na saba shiga ta lalace, aka nuna mini wata koriyar Bilhodi mai bodin katako, an rubuta mata GUMINA NE a goshi da jan fenti. Direban baƙo ne, bai san ni ba. Kafin mu tashi na tambaye shi mai mota, ya ce wani Rufus ne a Jere, mutumin kirki, ya ce ko na san shi. Na ce ina dai jin sunan.

Baban Lucia, ka san shekara goma sha biyar ina hawa bayan mota. Na hau Ostin, na hau Kwama, na hau Marsandi mai gajeren hanci. Ko ido a rufe aka ɗora ni kan buhu, in mota ta ja tudu sau ɗaya zan faɗa maka wace ce da kuma wa ya lalata mata giya. Wannan kuwa tun ban kai ga buhu ba ƙafata ta gane ta. Na ɗaga ƙafa zan taka matakala ta biyu ta tsanin baya, sai na ji bututun famfo maimakon katako. Mota ɗaya na sani a duniya da ke da wannan bututu, kuma a gabana aka ɗaura shi.

Daga Kachia har Kaduna ban ce uffan ba, har wata mata ta tambaye ni ko ciwon ciki nake. Ni da ake roƙo in yi shiru a mota.

Bari in tuna maka, ko aikin Jere ya sa ka mantuwa. A shekarar sittin da shida, ranar da Ibo suka cika tashar jirgi suna gudu, maƙwabcinmu Romanus ya sa maka mabuɗin shuɗiyar Bilhodinsa a hannu, ya ce ka riƙe masa sai ƙasa ta kwanta. Bayan wata uku ka shigo gida da ja-jayen idanu ka ce an tare ta a hanya an ƙone ta ƙurmus. Na yi kuka kwana biyu. Romanus bai fita daga yaƙi da rai ba. Bara matarsa Nkiru ta dawo da yara uku da buhu ɗaya na tsummoki, ta tambaye ni motar mijinta, na ɗauko Littafi Mai Tsarki na dafa na ce ta ƙone. Yanzu ƙosai take soyawa a bakin tashar mota, a garin da aka haife ta.

Don haka ka rubuto mini sunan wanda ya sayar maka da mota a Zariya, da unguwarsu. Ina da abokan ciniki a can, tambaya ba za ta yi mini wuya ba.

Ka gaida mai gidan da kake haya. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Matarka,
Afiniki.

Kafanchan,
24 ga Fabrairu, 1971.

Baban Lucia,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Mu ma lafiya, sai zafi da ya fara. Yadin da ka aiko ya iso tare da takardarka. Na ajiye shi yadda ya zo, ban warware ba. Ashe farashin bakina yadi shida ne, ban sani ba.

Na karanta amsarka sau uku. Ka ce Bilhodi duk kamarsu ɗaya, Bature ɗaya ya ƙera su. Ka ce bututun famfo ba a hana kowane kafinta amfani da shi ba. Ka ce mace ba ta san mota ba, in je in duba lambar inji in har na iya karanta ta. Sunan mutumin Zariya kuwa, shi kaɗai ne bai samu wuri a shafi biyu ba.

Ban san lambar inji ba, gaskiyarka. Ku masu zama a gaba ku kuka san wannan. Ka sauya lamba, ka sauya fenti, ka goge ALLAH NA NAN da Romanus ya rubuta ka sa naka gumin, har madubi ka sauya. Abin da bai zo maka a rai ba shi ne ka zagaya ka hau baya. Ina za ka hau? Wurin mata ne da awaki. Tunda nake da kai ban taɓa ganin ka ɗaga ƙafa ka leƙa inda muke zama ba, kuma mai fentinka ma da ya gama waje ya wanke hannu ya tafi.

To ga abin da ke ciki. Katako na uku daga ƙofar baya ba katakon bodi ba ne, guntun katakon layin dogo ne da baban Romanus ya ba shi lokacin yana aikin reluwe, da ramukan ƙusa biyu da ruwan sama ke zurarewa ta ciki. A kusurwar hagu akwai zoben ƙarfe inda Selina mai aladu ke ɗaure kayanta, har yau yana karkace tun ranar da wani ƙaton alade ya so ya sauka a Zonkwa ba tare da ita ba. Waɗannan ma kana iya cewa kafinta ne.

Amma ka faɗa mini wane kafinta ne a Zariya ya ƙona LUCIA 4-3-62 da ƙusa mai zafi a jikin katakon da ke bayan kan direba. Na ture buhu na gani da idona, na sa yatsa a ciki. A nan na haifi 'yarka, tsakanin Kagoma da Kafanchan, kan buhunan dawa, mata sun kewaye ni da zannuwa. Romanus ya tuƙa mu a hankali kamar ya ɗauko ƙwai, Nkiru ce ta yanke cibi da muka iso. Kai kana Jos ranar. Da Romanus ya rubuta sunan ya ce motar ta zama uwar ɗakin Lucia. An faɗa maka a lokacin, ka yi dariya, ba ka je ka duba ba.

Satar ba ita ta fi ƙona mini rai ba. Na yi kasuwa, na ga mai jiƙa citta don ta yi nauyi, na ga mai zuba yashi a gindin buhu. Amma ba wanda ya taɓa aron bakina ya yi ƙarya da shi, sai kai. A Kafanchan in Afiniki ta ce buhu ya bushe ba a soka shi. Ka bar ni na dafa Littafi a gaban gwauruwa, kana zaune a tsakar gida kana jin mu, kana sakace.

Jiya na wuce ta tasha, Nkiru ta ƙulla mini ƙosai a takarda ta ce in kai wa Lucia. Na karɓa.

Na ba ka zuwa ƙarshen wata ka kawo motar da kanka. Ina son ka har yanzu, shi ya sa takarda nake rubutawa ba ƙara ba. Kada ka gwada ni.

Taka,
Afiniki.

Kafanchan,
11 ga Maris, 1971.

Zuwa ga Baban Lucia,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ƙafa ta yi sauƙi, don za ka bukace ta ranar Lahadi. Lucia tana gaishe ka. Na san direbanka ya riga takardar nan isowa, a motar haya, amma bari ka ji daga bakin da ya shirya abin.

Wata ya ƙare ba ka zo ba, sai saƙon baki cewa in bar maganar sai Ista. Sai na je wurin Selina. Ita ta tare direbanka a Kachia ta ce tana da lodin citta zuwa Kagoma. Ya ce maigidansa ya hana shi Kafanchan, ta ce wa ya ambaci Kafanchan? Muka hau mu tara, duk tsofaffin fasinjan Romanus, ni na rufe fuska da gyale. Kowace ta nufi wurin zamanta na da ba wanda ya nuna mata. Catherine mai daddawa ta shafa katako ta fashe da kuka tun ba a tashi ba.

A Kagoma ya tsaya ya ce a sauka. Ba wadda ta motsa. Ya yi roƙo, ya yi zagi, ya kashe inji ya zauna a gindin mangwaro. Mu kuwa muka ɗauki waƙoƙin zumuntar mata tun daga na farko. A waƙa ta goma sha ɗaya ya tashi ya kunna mota. Kada ka kore shi, ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Nkiru ba ta ga motar ba tukuna, kukan injinta ta ji daga kwanar tasha. Ta miƙe da matsami a hannu, ƙosai yana ƙonewa a mai, ta tsaya kamar an dasa ta. Da motar ta tsaya ba ta ko kalli koren fentin ba, ta zagaya baya ta hau.

Kafin ka ce kwabo tasha ta cika. Tsofaffin direbobi suka zagaye motar, wannan ya ce ya san walda ɗin bamba, wancan ya ce shi ya sayar wa Romanus tankin. Sarkin tasha ya karanta GUMINA NE da ƙarfi, ya tambayi direba sunan mai mota. Na ji kalmar ta fara yawo a bayan taro, ka san wace kalma. Lucia tana tsaye a wurin da kayan makaranta.

Sai na hau kan buhu na ce a saurare ni. Na ce mijina Rufus ya ɓoye motar nan a Jere, ya sauya mata kama don kada a ƙwace ta lokacin yaƙi, ya ɓoye har wa matarsa don ya san bakina, yau kuma ya aiko ta ga mai ita. Aka yi tafi, Baban Lucia. Sarkin tasha ya ce irinku sun yi ƙaranci. Wannan ƙaryar tawa ce, da idona buɗe na yi ta, saboda yarinyar da ke amsa sunanka, kuma ban dafa komai ba.

Nkiru kam ban yi mata ƙarya sau biyu ba. Na bi ta gida na faɗa mata duka, na durƙusa. Sannan ta ce ta ji, kuma duk da haka za ta zo majami'armu ranar Lahadi ta yi maka godiya a gaban jama'a, ita da yaran uku. Ta ce za ta ɗaura zanenta mafi kyau, kuma ba za ta gajarta ba.

Fasto ya riga ya sanar. An ajiye maka kujera a gaba. Za ka tashi tsaye, ta durƙusa, ta kira ka ɗan'uwan mijinta, kai da ita da ni mun san abin da muka sani. Ka zo da takardun mota da mabuɗi na biyu, ka sa mata a hannu kowa yana gani.

In kuwa kujerar ta wuni ba kowa, ranar Litinin akwai buhu a tasha, kuma ban manta yadda ake hawa ba.

Na wanke maka farar rigarka na goge. Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Afiniki Rufus.