Ƙwan Bushiyar Teku

Dar es Salaam, 3 ga Maris

Gwaggo Mwatima,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar nan taki, da mutanen Pemba? Ni lafiya lau, in ban da bushiyar teku, 'yar dunƙulalliyar halittar ruwan nan mai ƙaya, da ta sa ni gaba.

Kin tambayi me nake leƙe a madubin ƙara girma shekara biyu. Ƙwan bushiyar ne. Da zarar irin namiji ya taɓa shi daga waje, wani ɗan aike a ciki sai ya ruga rumbun da aka kulle sinadarin kalsiyam, ya buɗe. Kalsiyam ɗin ya bazu, ƙwan ya farka ya fara rabuwa. Akwai rinin da nake sawa, ya yi kore duk inda kalsiyam ya bi. Hoton wannan koren nake nema.

To, bushiya arba'in na fasa, kowacce fayau, ba ƙwai. Malamina Dakta Lyimo ya ce in watan Maris ya ƙare ban kawo hoto ba, zai ba wani ɗalibi madubin, digirina ya tsaya ke nan. Tsoro nake ji, Gwaggo. Ke da kika tsufa kina tsintarsu, me nake yi ba daidai ba?

'Yarki,
Siwema

26 ga Maris

Gwaggo ta kaina,

Ina gaisuwa, bakina har kunne. Saƙonki ya iso, da zagin da ke ciki. Na yarda, boko bai hana ni wauta ba: wa ke neman ƙwan bushiya bayan farin wata ya ragu, ta riga ta zubar?

Na jira sha uku ga watan sama, dab da cikarsa, kamar yadda kika ce. Bushiyar farko ma cike take da ƙwai. Na ɗiga irin namiji, sai koren ya tashi daga gefe guda, ya ratsa ƙwan kaf kafin in ƙirga talatin. Na yi guɗa a ɗakin bincike, ba kunya.

Madubin ya zauna a hannuna. Dakta Lyimo, ɗan gindin dutse da bai iya ko iyo ba, ya kalli hoton sau uku, ya tambayi littafin da na samo ranar a ciki. Na ce littafin yana Pemba, yana fama da gwiwa.

Wata mai zuwa zai biyo ni wajenki da bokitinsa. Don Allah ki rage masa zagin, furfura gare shi.

Ki gaida kowa.

'Yarki mai murna,
Siwema