Hanifa Ta Ji Kunyar Hausata a Kasuwa

Assalamu alaikum Yaya Binta,

Ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Inna, da sauƙi? Yaya maigida da yara? Mu nan unguwar Hulme sai godiya. Abban Hanifa yana Birmingham, aikin asibiti ya riƙe shi har weekend.

Ranar Asabar zaman flat ya ishe ni, na ɗauki 'yarki Hanifa muka hau train zuwa wani gari a bakin teku, inda kasuwa ke ci duk mako. Muna zagayawa na hango kifi, sak bandar da Inna ke sa wa miyar kuka. Don murna na ɗaga murya: "Hanifa, zo ki ga kifin gida!"

Yarinyar nan ta ja min hijabi, ta ce ƙasa-ƙasa, "Mum, English please," wai mutane na kallonmu.

Yaya, duk garin nan ita kaɗai nake yi wa Hausa. Na sayi kifin, muka dawo gida.

Don Allah ki riƙa kiran Hanifa a waya, ki ba Inna su yi hira da Hausa. A sa mu a addu'a. Ki gaishe min da mutanen gida.

Ƙanwarki,
Zainab